Bargon da Ratsinsa Ya Kwanta

'Yan uwana masu bin labarina, yau sai kun yi haƙuri da ni, don daga ƙarƙashin gado zan faro. Akwai wani buhun masara a can, amma ba masara a cikinsa. Duk abin da na taɓa fara saƙawa ban gama ba, yana ciki.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Sebolelo. Amma in ka hau ƙauyenmu, can saman Semonkong, ka tambayi Sebolelo, sai mutane su tsaya tunani. Ce musu Hannu-Ɗaya kawai, ko jakin mai shago zai nuna maka gidanmu. Sunan daga rigar sanyin Baba ya fito. Gashin awakinmu ne, Mama ta kaɗa da hannunta, launin hazon safe. Na saƙa gaba, na saƙa baya, na saƙa hannun dama. Da na zo kan na hagu sai na ga ai irin na daman ne sak, ba wani sabon abu a cikinsa, sai zuciyata ta tashi ta bar wurin. Baba ya jira har ya gaji. Wata rana ya saka ta haka nan a ƙarƙashin bargonsa ya tafi wurin wankan tumaki, iska ta ɗaga bargon, duk mazan ƙauye suka gani.

A cikin buhun akwai safa guda, ba ta da 'yar uwa. Akwai hular jariri, mai ita yanzu har ya fara gemu. Akwai mayafin wuya da akuya ta ci rabinsa, ni kuwa na ga ya fi kyau a haka na bar shi. Akwai rigar da na fara wa butar shayi, don na ji tausayinta da sanyi. Akwai kuma wani abu mai kusurwa uku, ja, wanda ni kaina na manta me aka so ya zama. Wani lokaci nakan fito da su in jera a kan gado, in yi ta kallo. Ni a idona duk a game suke. Da zarar na hango ƙarshen abu a raina, to a wurina ya ƙare, hannu ne kawai ba a sanar da shi ba.

To, sai ga Tefo.

Tefo mai askin tumaki ne a rumfar aski ta ƙauyen da ke bayan dutsenmu. Dogo, mai sanyin magana, yana ɗaure wandonsa da igiyar buhu ko da kuwa yana da bel a gida. In ka miƙa masa gashin tunkiya ya shaƙa, sai ya gaya maka a wane gangare ta yi kiwo. Na gwada shi da gashin da na tsinto a jikin ƙaya, ya shaƙa ya ce wannan ai ta gidanku ce, mai ɗingishin nan. Tun daga ranar ban sake samun zuciyata yadda na bar ta ba.

A ƙauyenmu waya ba ta kamawa sai a kan wani falalen dutse bayan coci. Kullum da safe nakan hau, in ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, saƙonsa ya shigo. Wanda ba na mantawa shi ne: "Hannu-Ɗaya, kin tashi lafiya? Ni nawa biyu ne. In muka haɗa sun isa riƙe gida." Na karanta, na rufe fuska da bargo, wata tsohuwa da ita ma ta hau jiran saƙon ɗanta ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ya ce baffanninsa a shirye suke su zo gidanmu roƙon ƙoƙon ruwa, yadda ake neman aure. Abu guda ya tsayar da su: mahaifiyarsa ba ta ce a tafi ba. Gwaggo Mamosa, yayar Baba, ita ta kawo mana dalili daga wurin injin niƙa, da zafinsa. Wai Maman Tefo ta ce ba ta ƙi ni ba, tana dai so ta ga abu ɗaya tak da na fara na kai ƙarshensa. Gwaggo ta faɗi haka tana warware ɗankwali, ta ƙara da nata, cewa matar ta yi gaskiya, shanun aure ba ulu ba ne da za a cusa a buhu in an gaji. Ta ce 'yarta ta samo mini gurbi a kamfanin ɗinki a Maputsoe, can ne ake koya wa mutum gama abu, don keke ba ya jiran mafarkin kowa. Baba ya gama cin tuwonsa tukuna. Ya ce shi ba zai sa rana ba sai uwar yaro ta so da kanta. In har Tefo ya tsallaka iyaka aikin askin gonaki, kamar yadda yake yi duk ƙarshen sanyi, ba a yi magana ba, to in bi maganar Gwaggo in tafi kamfanin.

Ƙarshen sanyi kuwa bai yi nisa ba.

Na fito da rigar Baba da niyyar in gama hannun nan kowa ya huta. Na zauna da tsinken saƙa a bakin ƙofa. Sai wata ungulu mai gemu ta zo tana ɗaukar ƙashi tana sakinsa a kan dutse daga sama, ta sauko, ta ɗauka, ta sake hawa. Kafin ƙashin ya fashe rana ta yi tsaka, layi biyu na saƙa, ɗaya ma a karkace.

Ranar Alhamis na raka Mama taron matan coci. A nan na tarar da wata dattijuwa, Mme Maliako, ta baje wani abu a kan benci. Ita ta yi shekaru tana aiki a kamfanin ɗinki, da ta gaji ta dawo gida da keken ɗinki na hannu da buhunan guntayen yadi. Bargo ne ta haɗa da ƙyallaye, shuɗi da ja da ruwan ƙasa, duk ragowar yadin shweshwe da ake yi mana riguna da shi. Na tsaya a kansa har aka gama addu'a ban sani ba. Na ga rigar bikin wata a ciki, na ga labulen wani shago, na ga aljihu guda da maɓallinsa.

Mme Maliako ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke ce mai hannu ɗayan nan? Zo zauna. Wannan aikin irin naki ne. Ba ƙyalle biyu da ke kama da juna, kafin ki gaji da ɗaya kin shiga wani."

Alhamis ta gaba na kinkimo buhuna gaba ɗaya, a zatona za a haɗa safa da hula da rigar buta su zama bargo, in huta. Ta yi dariya har da riƙe benci. Ta ja safar ta miƙe, ta ja yadi bai motsa ba, ta ce mai miƙewa da marar miƙewa ba sa zama a ɗinki ɗaya, in mayar da 'ya'yana gida. Sannan ta fara da ni daga tushe. A wanke shweshwe tukuna sitacinsa ya fita, in ba haka ba zai tsuke bayan an ɗinka. A yanka da ma'aunin kwali, ba da ido ba. A bar baki daidai faɗin farce. Duk ɗinkin da aka yi a bi shi da dutsen guga kafin a ɗora wani. Na farko da na haɗa ya kumbura ya zama kamar kwano. Na kai gida na ajiye a bayan ƙofa, kazar Mama ta shiga ta yi ƙwai a ciki, har yau nata ne.

A kwanakin nan ne Pulane, ƙanwar Tefo, ta haihu a gidan uwarta. Haihuwar fari ce, ta zo kafin lokaci. Tefo ya rubuto mini cewa mace ce, amma bai gan ta ba, an soke kara a saman ƙofa, maza ba sa shiga. Ya ce matan da ke fitowa ba sa cewa komai sai dai "tana shan nono", kuma ya ji uwarsa tana kwatanta ta da ɗan zomo. Kullum da safe sai ta auna ƙafarta da ɗan yatsa ta ga ko ta ƙaru.

Ina kan falalen dutsen na yanke shawara. Zan yi wa jaririyar nan bargo, in gama shi, in kai da hannuna ranar da za a bar matan waje su shiga gani.

Na zaɓi ratsi-ratsi, dogayen ƙyallaye a jere, don shi ne mai sauƙi. Kuma kada ku ce ban san doka ba. Wa ya girma a ƙasar nan bai sani ba? Ratsin bargo tsaye yake, daga kafaɗa zuwa ƙafa. Wanda ya yafa shi a kwance ya danne girmansa da arzikinsa, yaro kuwa ba zai yi tsawo ba. Tun ina ƙarama aka sha juya mini bargo a jiki ana mini faɗa. Don haka da na jera ƙyallayen a kan gadona na tabbatar sun miƙe daga kai zuwa ƙafa, na ja baya na duba, na ce tsaye suke kamar sojoji.

Mme Maliako ta ba ni aron keken, ta tafi Maseru a duba mata ido. Ni kaɗai na ƙarasa, a ɓoye, don ina so Mama ma ta gani a game. Fuska a sama, tsohon bargona na yarinta a tsakiya, shafi mai laushi a ƙasa. Na bi su da allura, ɗinki ƙanana, layi bayan layi. Nan ne wurin da na saba gudu, don duk layi irin ɗan uwansa ne. Sau da yawa na ji zuciyata ta miƙe za ta fita. Sai in tuna ƙafar da ake aunawa da ɗan yatsa, in ce mata zauna. Yatsuna suka huhhuje, har na daina jin zafin ruwan wanke-wanke. Da na kai kusurwa ta ƙarshe na ƙulla zare na cije, sai na rasa abin da ake yi bayan an gama abu. Na zauna da shi a cinya. Ya fi yadda na hango shi nauyi, kuma yana da ɗumi, abin da na cikin raina ba su taɓa yi ba.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Na saka rigata shuɗiya ta shweshwe mai tattara a ƙirji, da farin takalmin roba, na yafa ɗan siririn mayafi don kada bargo ya rufe rigar. Yanga ce ta sa, na sani. Na naɗe kyautar a tawul, na haura wuyan dutse na gangara ƙauyensu kafin rana ta yi tsaka.

Ɗakin cike yake da mata, ana zuba kunun dawa mai tsami. Tefo na can bakin garke da maza, ya ɗaga mini hula daga nesa kamar bai san ni ba. Na durƙusa na gaida Maman Tefo. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, idonta ba ya gaggawa. Sannan aka nuna mini jaririyar. Wallahi tafin hannuna ya fi fuskarta. Amma ta buɗe ido ta dube ni kamar ta san duk labarina.

Na warware tawul. Mata suka matso, ana shafawa, ana juya baya a ga ɗinkin. Wata ta ce ashe Hannu-Ɗaya ta tsiro na biyun. Maman Tefo ta bi bakin da babban yatsa har ta zagayo, ba ta samu inda aka tsaya ba. Na ga ta gyaɗa kai kaɗan. Pulane kuwa murna ta sa ta miƙe ta ce yau da shi za ta fara goyo. Ta sunkuya, uwar ta ɗora mata jaririyar a baya, aka yafa bargon, aka ja dogon gefen ya zagaye ƙirji.

Sai duk matan suka zuba wa bayan Pulane ido.

Ni gado na yi ta gani. Ban taɓa tuna cewa a ƙasar nan ba bargon da ke zama a gado ba. In za a yi goyo, tsawon ne ke zagaye jiki. Ratsina da suka tsaya kamar sojoji, ga su sun kwanta ɗaya bisa ɗaya a gadon bayan yarinyar da ake roƙon Allah ta ƙara ko da faɗin yatsa.

Maman Tefo ba ta yi tsawa ba. Ta zare bargon da sauri kamar mai cire wuta daga jikin yaro, ta rufa wa jikarta nata. Ta gwada juya nawa ta ɗaya gefen, bai kai ya ɗauru ba. Ta ninke shi a hankali ta ɗora a kan kujera.

"An gode, 'yata," in ji ta. "Za a shimfiɗa a kujera."

Wata tsohuwa mai haƙori ɗaya, maƙwabciyarsu, ta ce a cikin kofinta, ai gara hannu ɗaya da wannan.

Na fita bayan ɗaki na zauna a kan dutsen niƙa. Su ƙauyensu waya na kamawa ko'ina. Saƙon Tefo ya shigo yana tambayar me ya fito da ni. Na rubuta masa cewa ratsin ya kwanta. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganinsa daga inda nake, ya juya wa maza baya. Daga ƙarshe ya ce in bar shi, zai yi mata magana, bargo ne kawai. Amma ni da shi duk mun san ba bargo ne kawai ba. Na fara tunanin hanyar gida, da buhun da ke jira, da motar Maputsoe.

A aljihuna akwai ragowar ƙyalle mai ratsi da nake goge allura da shi. Haushi ya sa na yage shi biyu. Na ajiye guntayen a gwiwata, ɗaya kusa da ɗaya, ina kallonsu ba don komai ba. Can sai na ga abin da ke gabana. Dogo ne a da, siriri. Yanzu gajere ne mai faɗi, ratsin kuwa suna tsaye.

Na koma ciki na durƙusa a gaban Maman Tefo, na ce ina roƙon almakashi. Na nuna mata da ƙyallen: a raba bargon biyu ta tsakiya, a jera rabi kusa da rabi, a haɗe.

Ta dube ni, ta dubi kujera. "Ki yanka? Abin da aka ce shi kaɗai kika taɓa gamawa?"

"Shi, Mama."

"In ya lalace fa?"

"Ai yanzu ma na kujera ne."

Wata ta yi dariya ta toshe baki. Almakashin gidan ya kasa cin rufi uku, sai tauna yake. Maman Tefo ta leƙa ƙofa ta ce wa ɗanta ya kawo na aski. Ya kawo, ya miƙo daga waje, yana neman idona, uwar ta ce ba kallo aka kira shi ba. Pulane ta riƙe gefe, tsohuwa mai haƙori ɗaya ta riƙe gefe, wai don ta ga ƙarshen hauka. Na ninke daidai, na ja layi da guntun sabulu. Na ɗora almakashi a kan layin. 'Yan uwa, ƙarar da ƙarfen nan ya yi a cikin ɗinkina, har yanzu ina jin ta a haƙorana.

Daga nan sai aiki. Na farke dajiyar gefuna biyu, na ƙulle duk zaren da almakashi ya yanke don kada su zare. Na haɗa fuska da fuska, na kara tsohon bargon ciki baki da baki, na kalmashe shafi a kai. Ba keke, ba dutsen guga, sai gindin buta mai zafi da Pulane ke miƙo mini. Mata suka ci abinci, wasu suka tafi, wasu suka ƙi tafiya. Ban san lokacin da Maman Tefo ta dawo kusa da ni ba. Na dai lura duk sa'ad da zarena ya ƙare, akwai wata allura da zare a ciki tana jira a kan gwiwarta. Sau ɗaya ta tambaya ko gaskiya ne na taɓa saƙa wa buta riga. Na ce rabi. Ta ce tata butar ma tana saurin hucewa.

Da la'asar haɗin ya kammala. Pulane ta sunkuya, aka ɗora jaririyar, aka ja, ya zagaye har da ragowar ɗauri. Ratsi suka miƙe daga ƙugu zuwa ƙeyar yarinyar, ɗan kanta na leƙowa a samansu. Tsohuwar ta zagaya ta duba ta baya, ta ce to, yanzu sai dai a yi hattara kada ta wuce ƙofa tsawo.

Amma ba a gama ba. Gefen da almakashi ya bi yana nan buɗe, rufi uku a waje, sai an bi shi da dajiya. Na zauna na kama. Na ci fiye da rabi sai hasken ɗakin ya canza. Wata ta shigo tana kaɗe mayafi ta ce gajimare ya zauna a wuyan dutse, ƙanƙara ta fara sauka a sama, wanda zai haura ya haura yanzu.

Saura kamar kamu ɗaya.

Tsohuwar ta ce a bar yarinya ta kwana mana, da safe a yanka tunkiya, an huta da zirga-zirga. Aka yi dariya, amma kowa ya san ba wasa ba ne zalla. Budurwar da ta kwana a gidan saurayi ta tashi matar gida, ba roƙo, ba gaisuwar iyaye, sai tara da za a aika wa ubanta. Baba bai cancanci haka daga gare ni ba. Amma in na tashi yanzu, ga ni na sake barin abu da baki buɗe, a gaban matar da ta ce abu ɗaya take son gani. Na fara zura allura da sauri, ɗinki manya-manya kamar haƙoran doki. Sai na ji hannu a kan nawa.

"Ɗinkin gudu ba ya riƙe goyo," in ji Maman Tefo. Ta zare waɗanda na yi da gaggawa, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce to ta ba ni in tafi da shi, jibi in aiko a game. Pulane ta ce ita ma za ta iya ƙarasawa, ɗan wannan. Uwar ta karɓi bargon daga cinyata, ta soke allurar a daidai inda ɗinkin kirki ya tsaya, ta ninke, ta ɗora can saman akwatinta.

"Ba inda za shi, kuma ba mai taɓa shi. Mai shi za ta dawo ta gama, a zaune, ba tana kallon dutse ba."

Ta dubi siririn mayafina ta yi tsaki, ta ce 'yan matan yanzu gara sanyi ya kashe su da a ce ba a ga riga ba. Ta cire bargon kafaɗarta, mai nauyi, mai zanen masara, ta yafa mini, ta daidaita ratsin da kanta, ta soke babban fil a ƙirjina. Ƙamshin hayaƙi da man shafawa yake yi. Na ce gobe zan ba wani ya kawo mata. Ta ce kada in ba kowa. Baffannin Tefo za su zo karɓa ranar Asabar, in gaya wa Babana ya ɗaure kare.

Tefo ya ɗora ni a kan goɗiyarsa, shi yana ja a ƙasa, wata innarsa na biye da mu a kan jaki don kada a ce. Ƙanƙara na sauka a gashin goɗiyar tana narkewa. A wuyan dutse ya ce almakashinsa bai taɓa yanka abin da ya fi tunkiya tsada ba sai yau. Innar ta ce ya ja dabba ya bar zance. A bakin ƙauyenmu suka juya, da sauran haske.

Na tarar da su a ɗakin girki, Baba na gasa hannu, Mama na tuƙa tuwo, Gwaggo Mamosa a kan kujerar da ta fi kusa da wuta. Ita ta fara magana, ko gaisuwa ba ta bari na gama ba. Ta ce ta ji wai abu na kai, to na gama shi kuwa?

Na ce, "Da na gama, Gwaggo. Yanzu kuma saura kamu ɗaya."

Ta tafa hannu ta juya wajen Baba, ta buɗe baki, sai idonta ya sauka a kan fil ɗin da ke ƙirjina. Ta bi bargon da kallo har ƙasa. Duk yankin nan ba wanda bai san bargon nan a kafaɗar mai shi ba. Na isar da saƙo yadda aka ba ni, har da zancen kare.

Baba ya ci gaba da juya hannunsa a kan wuta, gaba da baya, har na zaci bai ji ba. Sannan ya ce wa Mama, ba tare da ya ɗaga kai ba, ta jiƙa dawa tun yau, mutanen bayan dutse ba sa wasa da sha.

Gwaggo ta gyara zama, ta ja ɗankwalinta gaba. Ta ce to, ba laifi, amma a sani ita za ta zauna a bakin ƙofa ranar Asabar, kuma tana da tambayoyin da za ta yi wa baffannin nan tun kafin su sauka daga doki. Sannan ta miƙo hannu ta murza gefen bargon tsakanin yatsu biyu, ta ce in cire in rataye da kyau, kada hayaƙinmu ya kama kayan surukai.